Mun Ce wa Baba Jak Ne

Litinin, bayan la'asar

Mun ce wa Baba jak ne, abin ɗaga mota, ya zame.

Yaya ne ya tsara maganar, muna hanyar asibiti a motar Mai Walda, maƙwabcin garejinmu. Hannunsa na dama na naɗe cikin rigata, zufa na zuba masa, amma kansa na aiki sarai. Ya ce, "Auta, saurare ni da kyau. Duk wanda ya tambaye ka, jak ne ya zame. Musamman tsoho." Na ce to. Ya ce in rantse, na rantse. Mai Walda bai ko waiwayo ba, ya ce shi dama bai ga komai ba, yankan ƙarfe yake yi.

Sun shiga da shi tiyata. Ina zaune a benci daga ni sai singileti, masu wucewa na kallona. Akwai baƙin mai a hannuna, akwai kuma wanda ba mai ba.

Talata, da safe

Likita ya yi dogon bayani, rabi ban kama ba. Babban yatsa na nan, ƙaramin ma na nan. Akwai ɗaya da suke sa ran cetowa. Sauran bayanin ba sai na rubuta ba.

Yaya ya farka, abin da ya fara tambaya ko na rufe gareji. Ban rufe ba.

Talata, da yamma

Na je na rufe. Motar tana nan a kan katako, tayoyin baya a cire.

Ta wata malamar makaranta ce. Ta kawo a canja mata fatun birkin baya, aikin da a tsohuwar mota mukan gama kafin shayi ya huce. To wannan irin sababbin nan ce da ba su da sandar birkin hannu, sai wani ɗan maɓalli kusa da giya. A bayan kowace kalifa, ƙarfen nan da ke cije faifan taya, an ɗaura ɗan injin lantarki, shi ke ɗaure birkin. Kuma ba ya jiran a roƙe shi. Da an kashe mota sai ya ɗaure da kansa. Shi ya sa Yaya ya saki birkin, ya bar makulli a kunne. Ya mayar da fistin, ƙarfen da ke tura fatun, ciki, ya zura sababbin fatu, yana daidaita kalifa a kansu, yatsunsa a ciki.

Ni ina can baya wajen famfo ina wanke notoci. Da na ji ihun na zo a guje, na buɗe ƙofa in saki birkin, babu makulli a jikin mota. Na duba kujera, na duba ƙasa, har aljihuna na lalube kamar mahaukaci. Yaya na ta kirana. Sai can na ɗaga kai na gan shi a ƙusa.

Ƙusar tana jikin ginshiƙin ƙofa tun kafin a haife ni. Dokar garejinmu ce: in mutum na aiki a taya ko a ƙarƙashin mota, a kashe, a zare makulli, a rataye a ƙusa. Ni da Yaya duk mun sha mari a kanta. Ba zan rubuta wanda ya rataye shi jiya ba. Mutum ɗaya ne ke bi ta gefen kowace mota in zai tafi gida cin abincin rana, yana leƙa ciki yana tsaki. Kunnensa ya yi nauyi, ga injin Mai Walda na ƙara. Ya tafi gida abinsa, ya ci abinci, ya ɗan kwanta.

Tun ina yaro Baba ke bugun ƙirji da abu ɗaya: ba a taɓa rasa ko farce a garejinsa ba. Bayan rasuwar Inna hawan jini ya kama shi, garejin kaɗai ya rage masa, duk da yanzu ba ya kama sifana, sai zama a benci da gyara mana aiki da baki. Yaya ya ce in tsoho ya san gaskiya, ba asibiti za mu kai shi ba. Ina ganin ya yi gaskiya. Na wanke kalifar da fetur, na lulluɓe bayan motar da tamfol.

Laraba, da hantsi

Na ari motar Mai Walda na kai Baba asibiti. Ya tsaya a ƙafar gado, ya ƙi zama.

"Dogo, yaya jikin?" Shi kaɗai ke kiran Yaya da Dogo.

"Da sauƙi, Baba," in ji Yaya da ƙarfi don ya ji. "Ƙaiƙayi kawai yake yi."

Baba ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya juyo kaina.

"Jak ya zame, na ji. To katako fa? Ban ce ba a sa hannu sai an sa katako ba?"

Wallahi duk tsarin da muka yi ba wanda ya tuna da katako. Na ga Yaya zai buɗe baki, na riga shi.

"Ban sa ba, Baba. Na manta."

"Na bi ta gareji jiya da safe. Na ga katako a ƙarƙashinta."

"Bayan abin ya faru na sa."

"Bayan," in ji Baba. "Bayan ya faru." Sai ya ce wa matar Yaya ta miƙo masa kujera. Bai sake kallona ba har muka fito. A hanyar gida kujerar baya ya shiga, ya bar ni gaba ni kaɗai kamar direban haya.

Alhamis, da safe

Baba bai amsa gaisuwata ba.

Juma'a, da rana

Anti, matar Yaya, ta tare ni a barandar asibiti da filas a hannu.

"Auta, zo nan. In allura ta ɗauki mijina, surutu yake yi. Makulli, makulli, ina makulli. Dama jak na da makulli ne?"

Na ce zafin ciwo ne.

"Kalle ni. Tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa ganin ka manta da abu ba. Kai da ko murfin biro sai ka koma ka ɗauko, kai ne za ka manta da katako?"

Na gaya mata. Ta ajiye filas ɗin a ƙasa a hankali, ta zauna kusa da shi, a nan kan simintin.

"Wato shi ya yi, kuma shi ke fushi."

"Bai sani ba, Anti."

"To ai shi ya sa ake sanar da mutum."

Na roƙe ta har na gaji. A ƙarshe ta ce don mijinta za ta yi shiru, ba don ni ba, ba don kowa ba. "Amma kada ya kuskura ya yi masa wa'azin ganganci a gabana. Ranar ba zan iya riƙe bakina ba, ka ji na gaya maka."

Asabar, bayan azahar

Wanda suke sa rai, sun daina sa rai. Sun sake shiga da shi.

Lahadi, da yamma

Yaya ya ɗaga dunƙulen bandejin ya nuna ni da shi. Ya ce, "Ka ga riba ɗaya. Yanzu in na nuna mutum ina zaginsa, ba zai san da shi nake ba." Majinyacin gadon kusa ya yi dariya har ya riƙe ɗinkinsa. Ni ma na yi, don ya ga na yi.

Da na tashi tafiya ya kamo rigata da hagu. "Tsoho fa?" Na ce lafiya lau, yana cin abinci, yana shan maganinsa, ni kaɗai ne ba ya yi wa magana. Ya ce in yi haƙuri, zai huce. Shi da ke kwance da hannu a haka, shi ke ba ni haƙuri.

Litinin, da hantsi

Na buɗe gareji, aiki ba ya jira. Motar tana nan. Na ja sauran ayyuka gefe, ina yi a bakin ƙofa, don kada in riƙa ganinta.

Baba ya zo. Bai zauna a bencinsa ba. Ya jawo jak ɗin tsakiyar gareji, ya shimfiɗa buhu, ya naɗe hannun riga. Rabon da in ga ya naɗe hannun riga har na manta.

"Ba ni sifana sha huɗu."

Maganar farko ke nan da ya yi mini tun Laraba. Sai da na miƙa masa na gane murna nake yi, kuma abin da zai kwance da ita ƙaryarmu ce.

Talata, bayan la'asar

Ya farfasa jak ɗin gaba ɗaya. Kowane ƙarfe ya wanke shi da fetur, ya goge, ya jera a kan buhu daga babba zuwa ƙarami. Yana ɗaga kowace roba yana duba ta a rana. Da Mai Walda ya leƙo gaisuwa, shi ya yi wa magana, ba ni ba.

"Duba robar nan. Lafiyarta ƙalau. Ni na sa ta da hannuna."

"Ai ƙarfe haka yake, Baba," in ji Mai Walda, idonsa na kan rufi. "Wata rana sai ya ga dama."

"Ƙarfe ba ya ganin dama. Mutum ne ke ganin dama."

Mai Walda ya tuna ya bar wani abu a wuta, ya fice.

Laraba, da rana

Malama mai motar ta zo da lemo da ayaba a leda, ta ce a kai wa Yaya. Mutuniyar kirki ce, har hawaye ta yi, tana cewa da ta sani da ba ta kawo ba. Ta durƙusa ta gaida Baba. Daga nan sai hira ta ja ta.

"Ni motar nan tsoro take ba ni wani lokaci. Ka san ko ban taɓa komai ba, da na kashe ta sai in ji baya na ƙugi, da kanta take..."

Na daka mata godiya da ƙarfi kamar ina kiran wanda ke tsallaken titi. Na gode lemo, na gode ayaba, na gode leda. Ta tsaya tana kallona. Na raka ta har bakin hanya ina ta magana, na ce ta ƙara mana haƙuri. Ta ce ba komai, tana hawan motar haya, in an samu sarari a gama.

Da na dawo Baba na goge wani ƙarfe da ya riga ya goge jiya.

Alhamis, bayan magariba

Yau na tsani kowa. Na tsani wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya ga sandar birki ta tsone masa ido ya cire ta. Na tsani Malama da lemonta. Na tsani Yaya da ya sa ni rantsuwa. Shi ma tsohon, Allah ya yafe mini, yau da na gan shi ya wuce ta gefen wata mota ya leƙa ya yi tsaki, sai da na ajiye guduma na fita waje, don na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro.

Na tsaya wajen famfo har ta koma. Da na shigo na tarar ya ajiye mini rabin burodinsa a kan benci, ba tare da ya ce nawa ba ne. Na ci.

Juma'a, da yamma

Ya haɗa jak ɗin, ya zuba sabon mai. Ya sa na turo tsohuwar bas ɗin nan da ke bayan gareji, ya ɗaga ta da shi, ya ja layi da alli a jikin sandar. Ya jijjiga bas ɗin, ya tura ta da kafaɗa, har haurin jak ɗin ya yi. Ko motsi. Ya ce a bar ta haka ta kwana.

Asabar, da sassafe

Na riga shi zuwa. Niyyata in ɗan sassauta notin saukewa, kaɗan kawai, bas ta ɗan sauka, tsoho ya samu abin da zai zaga ya huta, mu ma mu huta. Na tsuguna da sifana. Sai na ga ya shafa alli a kan notin ma, ya ja layi daga kansa har jikin jak. Ko kaɗan aka juya sai an gani.

Ban san wa yake tsaro ba, jak ko ni. Na mayar da sifana.

Ya zo ya duba layinsa, yana nan inda ya bar shi. Ya zauna a benci, ya yi magana, idonsa na kan bango.

"In mota ta faɗo, bayan hannu take dannewa, ko tsintsiya. Ban taɓa ganin ta zaɓi yatsu ba."

Na ce kowane haɗari da yadda yake zuwa. Ya ce haka ne.

Lahadi, da rana

Ruwa aka yi. Ban fita ba.

Litinin, bayan la'asar

An sallami Yaya. Baba ya ce yana so ya ga ciwon in za a canja bandeji, Yaya ya ce likita ya hana, iska ma ba a so ta taɓa. Ƙarya yanzu ta zama mana kamar numfashi.

Anti ta kawo abinci da cokali. Yaya ya kama da hagu, rabi na zuwa baki rabi na zuwa riga. Ya ce ashe hannun hagu ɗan zaman banza ne, shekara da shekaru yana cin albarkacin ɗan'uwansa, yau an ce ya yi aiki yana ɓata wa mutane riga. Baba na zaune yana kallo. Ya fara cewa, "Da an bi abin da na..." sai Anti ta ajiye kofi a tire da ƙarfi har ruwa ya fantsama. Baba ya kalle ta, ya kalli tiren, bai ƙarasa ba.

Laraba, da safe

Motar tana nan. Ƙura ta yi mata riga. Wani ya rubuta "wanke ni" da yatsa a gilashin baya.

Juma'a, da yamma

Malama ta kira. An mayar da ita wata makaranta mai nisa, daga sati mai zuwa ba za ta iya da motar haya ba. Ta ce in abin ya yi mana nauyi ta turo a ja motar zuwa wani wuri, ba za ta ji haushi ba. Na ce a'a. Ba a taɓa jan mota daga garejinmu da aiki a buɗe ba.

Na gaya wa Yaya. Ya sa na rufe ƙofar ɗaki, ya bi da ni aikin daga farko, yana zana shi a iska da hagu.

"Kafin komai cire batir. Ka ji? Kafin ka taɓa tamfol ma, cire batir." Ya kalli bandejinsa. "Waya ɗaya, Auta. Noti ɗaya ne. Na ce ai yanzu zan gama, me zai faru."

Na ce ya bar wannan maganar.

"Ranar Talata tsoho na da awon jini a asibiti. Ka yi a ranar. Kafin ya dawo ta bar garejin."

Asabar, da rana

Baba ya amsa gaisuwata yau. Ban san dalili ba, kuma bai sa na ji daɗi ba.

Talata, bayan azahar

Bai je awon jinin ba.

Na buɗe gareji, na ɗage bonet, ina kwance wayar batir, sai na ji takunsa. Ya ce layin asibiti ya yi yawa, wani satin ya je. Ya jawo bencinsa daga inda yake tun duniya na kwance, ya kawo shi daidai bayan motar, ya zauna.

"Aikin birki ne ko na wuta?"

"Birki ne, Baba."

"To me ya haɗa birki da batir?"

Na ce sababbin motoci ne, haka ake yi musu. Ya ce to.

Na yaye tamfol. Kalifar hagu na nan rataye da waya yadda na bar ta. Na kwance ƙananan notoci biyu, na cire ɗan injin da ke bayanta, na juya sandar ciki har ta koma ƙarshe, na danna fistin ya shige. Na goge, na shafa giris a sandunan da kalifa ke zamewa a kai, na zura fatu. Da na zo ɗora kalifa a kansu sai hannuna ya ƙi. Na san batir a cire yake, wayarsa na gani da idona a gefe, amma hannuna ya ƙi shiga. Da bakin sukundireba na daidaita ta. Baba na kallo, shi da ya tsani a yi aikin yatsa da sukundireba, bai hana ni ba.

Na yi ɓangaren dama. Na mayar da tayoyi, mota na nan a kan katako, waigi tokare da tayoyin gaba don kada ta gangara. Na haɗa batir, na kunna makulli, na taka birki har ya yi tauri, na ɗaure da maɓalli na saki, na sake, don injin ya san sabon wurinsa. Na ce an gama, saura a sauke, Baba ya je ya huta.

Ya miƙe. Duk aikin birkin da aka taɓa yi a garejin nan, kafin a sauke mota sai Baba ya juya taya da tafin hannunsa ya ji ko tana gogawa. Na manta da wannan. Ya juya ta, tana tafiya sumul a ƙarƙashin hannunsa.

"Ta yi. Kashe ta, kana cinye wa baiwar Allah batir."

"Bari in sauke tukuna, Baba."

"Kashe. Kuma ɗaga ɗaya hannun in gan shi."

Na ɗaga hannuna daga wajen maɓallin. Ya sake juya tayar. Na kashe.

Ƙugin ban san ko ya ji ba. Amma tayar ta tsaya cak a tafinsa.

"Wa ya ja birki?"

"Ba kowa."

"Sake."

Na kunna, na saki, ya juya, na kashe. Ta tsaya. Ya gwada ta da hannu biyu, ya sa ƙarfinsa duka, ko gezau. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya nemi benci da hannu ta baya, bai same shi ba, ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai da farar rigarsa.

"A kunne take ranar nan." Ba tambaya yake yi ba. "Da gangan Dogo ya bar ta a kunne."

Na fito daga motar na tsuguna kusa da shi.

"Na leƙa na gani. Na ce yaran nan har yau ba su yi hankali ba. Har tsaki na yi." Ya goge bakinsa. "Ya daɗe a ciki?"

"A'a."

"Auta."

"Na ɗan nemi makullin."

Ya kalli ginshiƙin ƙofa. Ban taɓa ganin Baba na kuka ba, ko ranar Inna shiga ɗaki ya yi ya rufe. Yau bai samu ɗakin shiga ba. Na tashi na ja ƙofar gareji rabi don masu wucewa.

Can ya ce, "Wa ya ce a ce mini jak ne?"

"Yaya."

"Yaushe?"

"A hanyar asibiti."

"Da hannun a haka?"

"Da hannun a haka."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Na kawo masa ruwa, na tambaye shi ko ya sha maganinsa. Ya ture kofin, ya kama wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san yana da saura ba.

"To jak ne. Ka ji ni? Yaron nan ya rasa abin da ya rasa, abu ɗaya ya samu ya riƙe, wai ya kare ubansa. Ba zan karɓe masa shi ba. In ka gaya masa na sani, ban yafe maka ba."

Na ce to. Na riga na saba.

Da na kama shi zai tashi ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ai ka sa katako ranar nan."

"Na sa, Baba."

"Na san ka sa."

Laraba, da hantsi

Malama ta ɗauki motarta. Ta ce birkin ya yi daɗi.

Alhamis, da yamma

Baba bai zo gareji ba. Anti ta ce abincinsa ya dawo yadda ta kai. Ta tsare ni da ido, na ce ciwon kai ne. Yanzu ita ma ina yi mata ƙarya.

Juma'a, da safe

Bai zo ba. Na leƙa ɗakinsa, yana zaune a bakin gado da hula a kai, kamar mai jiran a zo a ɗauke shi. Na auna masa jini da ɗan injin gida. Ban so abin da na gani ba.

Asabar, bayan azahar

Yaya ya ce zaman ɗaki ya ishe shi, yau sai ya ga gareji. Da Baba ya ji, ya tashi ya canja riga ya riga mu zuwa.

Mai Walda ya kashe injinsa ya zo, mai sayar da taya ya zo, aka yi ta barka. Yaya na yawo da hannu rataye a wuya, yana shaƙar warin mai yana cewa ya fi turare. Yana satar kallon Baba, ni kuma ina kallon su biyun.

Sai Baba ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda ya saba har tsallaken titi a ji.

"Kowa ya buɗe kunne. Wannan jak ɗin na duba shi, robarsa ta mutu, ba na son in sake ganinsa a nan. Mai Walda, ɗauke shi ka yanka. Kai kuma Auta, in na sake ganin mota a sama ba katako, ko ka yi furfura sai na mare ka."

"Na ji, Baba."

"Ba ka ji ba. Ba ku taɓa ji ba."

Muryarsa ta karye a ta ƙarshen, ya rufe da tari. Mai Walda ya kalle ni, ya sunkuya ya ja jak ɗin ya fita da shi. Jak ɗin da babu irinsa a layin nan.

Na raka Yaya bakin titi neman abin hawa. Muna fita ya jingina da kafaɗata, yana dariya ƙasa-ƙasa, dariya ta gaske, irin wadda ban ji ba tun kafin asibiti.

"Ka ji? Wai robarsa ta mutu! Tsoho ya nemo wa jak laifi da kansa. Auta, mun tsallake. Bai gane komai ba."

"Bai gane ba."

"Allah ya sa har ƙarshen ransa kada ya gane."

Na ce amin.

Da na dawo wani ya kawo mota ya bar ta a kunne a bakin ƙofa, ya tafi neman ruwan sha. Baba na zaune a benci yana kallonta. Ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zauna a kansu.